Gyambon suga ya ƙi rufewa, wai fatar faya tana maganinsa?

Tambaya: Salam likita. Babanmu yana da suga, wata biyar kenan da ciwo ya fito masa a tafin ƙafa, kullum ana dresin amma ya ƙi rufewa. Yayana yace akwai wata fata da ake cirowa daga mabiyiyar haihuwa a liƙa a ciwon, dan Allah gaskiya ne? Tsoronmu kar ace za a yanke ƙafar. Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikissalam, Allah ya ba Baba lafiya. Yayanki bai yi ƙarya ba. Kin san faya, wadda in ta fashe ake cewa haihuwa ta zo? To siririyar fatar cikinta ce ake nufi, kuma tun 1910 wani likita a Amurka ya fara sa ta a ciwo, har a aikin ido ana amfani da ita. Ana karɓarta ne da yardar matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, a gwada jininta kan ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, a tsaftace fatar a busar ko a daskarar, sannan likita ya yanko daidai faɗin ciwon ya shimfiɗa, yawanci duk sati ko sati biyu a sake sabuwa. Tana ɗauke da sinadaran da ke zaburar da sabon nama ya tofo, tana rage kumburi. Kamfanoni na sayar da ita da sunaye irin su EpiFix da Grafix, kuma tsadarsu ba ta wasa bace. Dan Allah kar wani ya samo ɗanyar mabiyiya ya ɗaura masa a gida, cuta zai ƙara masa.

Amma ni abin da ya fi damuna ba fatar bace, tafin ƙafar nan ne. Suga yana kashe jijiyar jin zafi, sai kiga dattijo yana taka gyambon zuwa masallaci sau biyar da silifas, ya je kasuwa ya dawo, shi bai ji komai ba, ɗan naman da ya tofo da dare kafin azahar ya murje shi. In ba a ɗauke nauyi daga wurin ba, ko da simintin ƙafa ko takalmi na musamman ko sanduna, sa fatar nan kamar shuka ne a kan dutse. Haka in jini baya isa ƙafar, ko akwai mugunya, ko cutar ta kai ƙashi, ba a ma sa ta sai an gyara waɗannan. Ƙa'idar ita ce a kankare mataccen nama, a daidaita suga, a daina taka wurin, in an yi sati 4 ciwon bai ragu da rabi ba sannan ake zancen ƙarin magani irin wannan fatar.

Wata biyar ya yi yawa a zauna kan dresin ɗin kemis. Ku kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala ko na ƙashi na Dala, ku nemi a duba gudun jinin ƙafar, a yi hoton ƙashi, a yi gwajin HbA1c mai nuna sugan wata uku, a can sai ku tambayi likitan tiyata ko ciwon Baba ya dace da fatar. In kuwa kika ga yatsa ya fara baƙi, ko wari, ko zazzaɓi, ko ja yana hawa ƙauri, kar ku jira ranar kilinik, ku tafi imajensi a ranar.