Kurajen fuska sun hana ni sakat

Tambaya: Salam Anti, don Allah kuraje ne ƙanana suke ta fito min a goshi da haɓa, na shafa makilin na shafa lemun tsami, har wani kirim mai kemis ya ba ni amma abin sai gaba yake. Ƙanwarki daga Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Makilin kuma? Haba dai, na haƙori ne wannan, shi da lemun tsamin ƙona fata kawai suke su bar miki baƙin tabo. Kirim ɗin nan kuma duba jikin kwalin, in kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone to ki ajiye shi, sitiroyid ne, farko zai yi kamar yana aiki fuska ta yi haske daga baya kurajen su dawo sun ninka.

Ki nemi benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari a famasi, mai lambar NAFDAC, shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ke kumbura ƙurjin. Ɗan kaɗan da daddare, ki fara da yau ki shafa gobe ki huta don yana busar da fata, balle a lokacin hunturu. Kuma yana cinye kalar kaya fa, kar ki kwanta kan rigar filo mai kyau ko ki goge da mayafinki. Kuraje masu baƙin kai ɗin nan sabulun salicylic acid ya fi musu.

Sai haƙuri, sati 6 zuwa 8 kafin ki ga canji, ban da matsewa. In manya ne masu ciwo ko kina da juna biyu, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) da ke Gombe ki ga likitan fata.