Mama na zargin matata da sata, cutar mantuwa ce ko tsana?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 76, shekara biyu kenan da aka ce tana da cutar mantuwa. Yanzu kullum sai ta ce matata ta sace mata kuɗi, alhali ita ke ɓoyewa ƙarƙashin filo ta manta. Da yamma kuma sai ta ƙulle kayanta wai za ta tafi gida, kuma a gidanta take. Matata har kuka take yi. In sayo mata maganin barci ne?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba Mama sauƙi. Ka fara faɗa wa maiɗakinka ba tsana ba ce, ciwon ne. Mutane na ɗauka cutar mantuwa iyakarta mantuwa, alhali yawancin masu ita wani lokaci sai halinsu ya canza, zargi, faɗa, rashin barci, yawo, wasu kuma su yi shiru abinsu ba ruwansu da kowa. Ko matar nan mai cutar mantuwa da likitan Jamus Alois Alzheimer ya ba da bayaninta a 1906, zargin mijinta da kishi na cikin abin da aka fara gani.

Ka duba abin ta wajen Mama. Ta ajiye kuɗi, ajiyewar ba ta zauna mata a kai ba sam, ta duba babu, to me za ta ce in ba an ɗauke ba? Kuma wadda ta fi kusa da ita, mai yi mata wanka da gyaran ɗaki, ita laifin ke faɗa wa. Shi ya sa rantsuwa da kawo hujja ba sa aiki, ƙara tunzura ta kawai suke, kuma ko ta manta maganar, ɓacin ran na nan. Ku ce mata "kai, abin ba daɗi, zo mu duba tare", ku haddace wuraren da take ɓoyo, in kun gano ku bari ita ta ɗauko da hannunta, don in matarka ce ta miƙo to fa ta tabbata ɓarauniya.

Zancen tafiya gida kuma, sau da yawa gidan yarintarta take nufi, ko kuma hankalinta ne bai kwanta ba. Rikicewar yamma sananniya ce, gajiya ga duhu ga inuwa. A kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba, a rage hayaniya da talabijin, a rage mata dogon barcin rana, a tambaye ta labarin gidan nan, ku ɗan zaga da ita ku dawo.

Amma fa ga inda nake so ka kula. In rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ku tafi asibiti ranar. Ciwon fitsari, rashin bahaya, ƙarancin ruwa a jiki, ciwon haƙori ko gwiwa da ba ta iya faɗa, sabon magani, duk suna yin haka kuma ana maganinsu.

Maganin barci kam kar ka saya. Irin su diazepam na ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa, karayar ƙugu kuma a shekarun nan ba wasa ba ce. Magungunan taɓin hankali irin su risperidone ma, tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗin suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, mu kanmu ba ma rubutawa sai abin ya kai ga duka ko cutar da kai, shi ma ɗan kaɗan na ɗan lokaci. In tana ganin mutane ko dabbobin da babu su, lallai ka gaya wa likitanta, akwai wani nau'in cutar mantuwa da ake kira Lewy, wanda maganin taɓin hankali irin su haloperidol ke iya yi wa mai shi mummunar illa.

Sannan a samo wanda zai riƙa karɓar matarka ko kwana biyu ne a sati, ta ɗan huta.