Me ke sa ƙaramin jirgi faɗuwa dab da sauka?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙananan jirage ke faɗuwa dab da sauka alhali inji lafiyarsa lau. Sau da yawa gudu ne ke kasawa. Iskar da ke bin fiffike ita ke riƙe da jirgi, to in matuƙi ya rage gudu da yawa kuma yana ta ɗaga hancin jirgin sai iskar ta daina bin fiffiken daidai, nan take jirgin ya nutse, ga ƙasa kusa ba sararin gyarawa. Wurin da ya fi haɗari shi ne kwanar ƙarshe kafin a miƙe titin sauka, don in aka karkata digiri 60 gudun da ake buƙata don kada jirgin ya nutse yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100.

Mu nan Jos abin ya fi damuna wallahi, filin jirgin Heipang ya haura mita 1,200 a tudu, iska ba kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, ƙasa kuma tana wucewa da sauri sai baƙon matuƙi ya ɗauka gudu ya yi yawa ya rage. Maganin shi ne ya duba agogon gudu, in saukar ba ta daidaita ba ya ƙara wuta ya zagayo.