Tambayi Likita: Kumburin Mai Ciki, Jijjiga da Allurar Naƙuda

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu juna biyu ne da masu jego, don haka na haɗa su wuri guda.

Likita, tun da na fara shan jan maganin da aka ba ni wurin awo bayan gidana ya koma baƙi. In daina? (Daga Gumel)

Kada ki daina, 'yar'uwa. Sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini ne, haka yake yi. Ki dai bar kora shi da shayi, shayi na rage masa aiki.

An ba ni Fansida ƙwaya uku alhali ba na zazzaɓi. Ba zai taɓa cikin ba? (Daga Maraɗi)

Rigakafi ne. Daga mako 13 ake fara shi, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki sha, ki kuma kwana cikin gidan sauro.

Likita, matata cikin fari ne, wata takwas. Ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, zobe ma ya ƙi fita. Kwana uku kanta na sarawa, ta ce tana ganin wasu abubuwa na gilmawa a idonta. Mahaifiyata ta ce alamar tagwaye ce. Yayar matata ta taɓa faɗuwa tana jijjiga wurin haihuwa, aka ce iska ce. Asibitin garinmu babu likita, ma'aikacin lafiya ɗaya ne. (Wani magidanci daga Jigawa)

Malam, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ka nemo mota. Yau za ka kai ta, ba gobe ba, ba ranar awo ba.

Kumburin ƙafa kaɗai, wanda ke zuwa da yamma ya saɓe da safe, yawancin masu ciki na yin sa. Amma in ya hau fuska da hannu, ga ciwon kai da ba ya jin farasitamol, ga dishi-dishin gani, to hawan jinin ciki ne har sai awo ya ƙaryata. Yakan bayyana bayan mako 20. Muna tabbatar da shi idan awon jini ya kai 140/90 kuma aka ga furotin a fitsari. In ya kai 160/110, ko da tana tafiya da ƙafarta tana dariya, a bakin haɗari take. Wata kuma ciwo take ji a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuci, sai a yi ta ɗura mata maganin olsa, alhali hanta ce ke kuka.

Tushen ciwon daga mabiyiya yake. Ita ke sakin abin da ke matse jijiyoyin jinin uwa, ya taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Idan ya kai ƙwaƙwalwa, shi ne jijjigar da wasu ke kira taune-taune. Ya fi kama mai cikin fari, da yarinya ƙarama, da wadda ta manyanta, da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi. Ka ga ke nan abin da ya sami yayarta ba labari ne na daban ba. Maganar Hajiya kuwa, a gaishe ta, in ma tagwayen ne, ai mai tagwaye na cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗarin. Dalili ne na gaggawa, ba na kwantar da hankali ba.

Allah ya kiyaye, in ta fara jijjiga kafin ku isa, a kwantar da ita a gefenta na hagu, a janye abin da zai buge ta. Kada a cusa mata cokali a baki, ba za ta haɗiye harshenta ba, haƙora kawai ake karyawa. Kada a ɗura mata rubutu ko ruwa ko madara. Wadda ba ta cikin hayyacinta ba ta haɗiya, huhu abin ke wucewa, kuma sau da yawa wannan ne ke kashewa bayan jijjigar ta lafa. Hayaƙin barkono da ake turara musu kuwa, wallahi ban san ta inda zan fara ba. Mace na neman numfashi, a toshe mata da hayaƙi? Ana kawo mana su da jajayen idanu, leɓe a fashe, an kwana ana fama da aljanin da babu shi. Ban hana addu'a ba. A yi ta a cikin mota, ana tafiya.

Ƙaramin asibitin naku ma yana da amfani. Ma'aikacin zai auna jininta cikin minti biyu, kuma in yana da allurar maganeziyam salfet zai iya yi mata ta farko kafin ya tura ku babban asibiti. Ita ce ke tare jijjiga, ba ta da tsada, ba ta buƙatar firji. Ka tambaye shi da sunanta. Sai dai tarewa take yi, warkewar tana ga raba ta da cikin. Idan likitoci suka ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki ko da wata tara bai cika ba, ka sa hannu nan take, kada a tsaya jiran kawu ya iso daga kasuwa. Ka tafi da mutum biyu da za su iya ba da jini. Bayan ta sauka ma a ci gaba da auna ta, don jijjiga na iya zuwa a kwanakin jego. Ciki na gaba kuma ta fara awo da wuri, akwai ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa irinta.

Na sake faɗa: yau.

Naƙudar ƙanwata ta yi tsawo, wani mai kyamis ya ce a kira shi ya yi mata allurar naƙuda a gida. Haihuwar baya aiki aka yi mata. (Daga Funtuwa)

Innalillahi. Kada ya kusance ta. Mu da ke asibiti, ruwan naƙuda ɗigo-ɗigo muke sa shi, muna ƙirga murɗawar ciki, muna sauraren bugun zuciyar jariri. Shi kuma zai danna mata gaba ɗaya a cinya, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. In ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko ɗan ya zo a gicciye, mahaifa za ta yi ta matsawa har ta yage, balle mai tabon aiki. Daga nan ɗa ya tafi, uwa kuma sai an yi da gaske. Wadda aka taɓa yi wa aiki ba ta naƙuda a gida ko ta awa ɗaya. Ku kai ta inda ake tiyata yanzu.

Ina jego, ina wanka safe da yamma ina shan kunun kanwa, amma in na kwanta numfashina sama-sama yake, sai na jingina. (Daga Zariya)

Ki je a duba zuciyarki yau ɗin nan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar masu jego ya yawaita a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da tafasasshen wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ki ajiye ta, kunun gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar. Wanka da ruwan ɗumi, ba mai salɓe fata ba.

Bayan doguwar naƙuda fitsari ya daina tsaya mini. Wata tsohuwa ta ce gishiri ne, a yanke. (Daga Katsina)

Kada reza ta taɓa ki. Yankan gishiri kansa yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Ciwon na warkewa, kuma in aka zo da wuri, wani lokacin in ramin ƙarami ne robar fitsari kawai ake sawa na wasu makonni ya rufe. Cibiyar Babbar Ruga na nan kusa da ke, aikinta ke nan. Ki ci gaba da shan ruwa sosai, rage shi ba ya tsayar da yoyon, sai dai ya sa fitsarin ya ƙara cin fata. Ki je cikin makon nan.