Shekara huɗu ina sayen maganin olsa, albashina ya kasa: ta ina zan rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a Bichi ta jihar Kano, shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara huɗu ke nan ina fama da olsa. Wani mai kemis ne ya fara gaya mini ita ce, bayan na kwatanta masa zafin da nake ji a saman cikina. Tun daga lokacin ban rabu da omefrazol da farin maganin ruwan nan ba, ga madara, ga zuma, ga na gargajiya da nake saya jarka-jarka. Da na zauna na yi lissafi, ba na kashe ƙasa da Naira 20,000 a wata, alhali albashina 85,000 ne. Yanzu har bashi ake bi na a kemis. An taɓa ce mini in je a leƙa cikina da na'ura, da na ji kuɗin sai na fasa. Haka zan ci gaba har ƙarshen rayuwata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Sannu, Allah Ya ba ka lafiya, Ya rufa asiri.

Na ji daɗi da ka yi lissafi, domin yawancin masu zuwa wurina ba su taɓa yi ba. Naira 20,000 a wata ita ce 240,000 a shekara, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka daɗe suna amfani da shi, gidan da kuɗin magani ya cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ya shiga halin da zai iya durƙusar da shi. Kai ka ninka wannan har da ɗoriya. Kuma ba sakacinka ba ne. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, sannan tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, farashin magani ya tashi bai sauko ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne, a duk shekarun nan huɗu babu wanda ya tabbatar da cewa olsa ce ke damunka. A bakinmu, duk zafin da ya tokare saman ciki olsa ne. Ƙwannafi olsa, kumburin ciki da yawan gyatsa olsa, tsakuwar matsarmama olsa, kai har ciwon hanta da na zuciya wani lokaci da wannan suna suke yawo har sai sun yi nisa. Gyambon ciki na ainihi, wato olsa ta gaskiya, rauni ne da ke fitowa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, kuma mafi yawansa abu biyu ne ke kawo shi: wata ƙwayar cuta da ake kira H. pylori, da kuma magungunan kashe zafin jiki.

Labarin ƙwayar nan ya kamata ka sani, don shi ne zai nuna maka inda kuɗinka ke zurarewa. A da likitocin duniya ma sun ɗauka damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, mutum ya yi ta shan maganin rage tsamin ciki shekara da shekaru, wasu har a yanke musu wani ɓangare na tumbi. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar a tumbin marasa lafiya. Da abokan aikinsu suka ƙi gaskatawa, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikinsa ya kamu, ya sha magani ya warke. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun daga nan gyambon ciki ya fita daga sahun cututtukan da ake rayuwa da su har abada, ya koma ciwon da ake iya kawar da shi da maganin mako biyu. A ƙasashe irin namu ƙwayar ta yi yawa ƙwarai, galibi tun mutum yana yaro yake ɗaukarta ta ruwan sha da abinci da cunkoson gida, kodayake ba kowa take yi wa gyambo ba.

Omefrazol ɗin da kake sha magani ne mai kyau. Yana rage tsamin ciki, raunin ya samu ya rufe, ka ji sauƙi. Sai dai ba ya kashe ƙwayar. Da ka daina sha, ko kuɗi suka yanke, sai ta sake tono wurin, ka koma kemis. Idan har ita ce ke cikinka, to shekara huɗu kana sharar gida ne ka bar ramin ɓeran a buɗe.

Don haka kuɗin farko da zan so ka kashe na ganin likita ne da gwajin H. pylori. A nemi na bayan gida, ko na numfashi inda ake da shi. Gwajin jini ya fi araha kuma shi aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji, amma yana iya nuna akwai ƙwayar ko da ta mutu tuntuni, shi ya sa ake samun wanda aka ba shi magani sau uku a kan sakamako iri ɗaya. Akwai sharaɗi guda da ke sa mutane asarar kuɗin gwaji: dole ka ajiye omefrazol na mako biyu kafin a yi, kuma ya zama ka yi mako huɗu ba ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. In ba haka ba ƙwayar za ta lafa, takarda ta ce babu, alhali tana nan. A cikin makonnin biyun farin maganin ruwan zai iya riƙe ka.

Idan an same ta, likita zai haɗa maka magani uku ko huɗu na kwana 14: mai rage tsamin ciki, da masu kashe ƙwayoyin cuta guda biyu irin su amoksisilin da kilaritoromaisin ko metronidazol, wani lokaci a ƙara da bismot. Ina roƙonka da babbar murya, kada ka fara sai ka haɗa kuɗin na kwana 14 ɗin cif, ka saye shi gaba ɗaya. Na san yadda ake yi, a sayi na kwana biyar, a ji sauƙi, a ce sauran sai an yi albashi. Wannan rabin shan shi ke koya wa ƙwayar jure magani, zagaye na biyu kuma ya fi na farko tsada da wahala. Dama can yawan shan Flagyl, wato metronidazol, da muke yi a kan kowane gudawa ya sa ƙwayar ta saba da shi a wurare da dama. Bakinka zai yi ɗaci, wataƙila cikinka ya ɗan lalace, ka daure ka ƙarasa, sai fa idan ƙuraje ko kumburi suka fito maka, to nan ka tsaya ka koma wurin likita. Bayan ka gama da aƙalla mako huɗu a sake gwajin bayan gida a tabbatar ta mutu.

Game da leƙen ciki da na'ura da ya ba ka tsoro, ga abin da zai kwantar maka da hankali. Mai shekarunka, idan babu alamun haɗari da zan faɗa a ƙasa, ƙa'idar aikinmu ta yarda a fara da gwajin ƙwayar da maganinta ba tare da an leƙa ba. Sai in an kashe ta ciwon bai tafi ba, sannan leƙen ya zama dole. Idan ta kai ga haka, ana yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ana yi a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ka tambayi ranar da ake yi da kuɗin tun kafin ka taso, ka zo ba ka ci komai ba tun dare, don kada ka biya kuɗin mota sau biyu. Ka kuma auna kuɗin da Naira 240,000 ɗin da ke fita daga hannunka duk shekara ba tare da ka san sunan ciwonka ba.

Akwai tambayar da ba ka amsa ba a wasiƙarka, ita ce ko kana shan maganin ciwon jiki. Wani magidanci mai turin baro ya taɓa zuwa wurina, ya yi fari fat saboda ƙarancin jini. Na ce ya kawo mini duk abin da yake sha. Washegari ya zo da baƙar leda ya zazzage a kan tebur: kwalaben farin magani guda shida duk sun ƙare, fallayen omefrazol, sai wasu 'yan ƙulle-ƙulle a farar leda, kowane da ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban. Na tambaye shi waɗannan fa? Ya ce ai wannan ba magani ba ne Likita, haɗin gajiya ne, kullum da daddare yake sha in ya tashi daga aiki. A cikin kowane ƙulli akwai dikulofenak da ibufurofen. Da hannu ɗaya yana biyan kuɗin abin da ke ƙwaƙule masa tumbi, da ɗayan yana biyan na lallashinsa. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu, ɗan'uwansa ya sayar da tunkiya. Har yau in na tuna da shi raina yana ɓaci, domin da an yi masa tambaya ɗaya tak tun farko da ba a kai nan ba. Idan kana shan irin waɗannan, ko Feldene, ko asfirin ba da umarnin likita ba, ka daina yau. Farasitamol ba ya taɓa tumbi in an sha shi bisa ƙa'ida.

Sauran kuɗin da za ka iya tsayarwa tun daga wannan watan su ne na madara da na jarka. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo da tsami, don haka ba magani ba ce. Na jarka kuwa, musamman na masu talla da lasifika a tasha da bakin kasuwa, ba ka san abin da ke ciki ba balle adadinsa, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin tace shi. Haka jiƙon kanwa. Zuma abinci ce mai albarka, in kana da hali ka sha, amma kada ka ci bashi saboda ita, kuma ba za ta tsaya a madadin maganin kwana 14 ɗin nan ba. Ba ka buƙatar wani abinci na musamman. Tuwonka da miyar kuka ko kuɓewa, da ɗanwake, da kunu, duk ka ci. Abin da ka lura yana tayar maka da ciwon, yaji ne ko goro ko shayi mai kauri, shi kaɗai za ka rage. Taba ce dai babu sassauci a kanta, tana hana gyambo warkewa.

A wurin sayen magani, ka riƙa tambaya da sunan sinadarin, domin omefrazol ɗin kamfani kaza da na kamfani kaza aikinsu ɗaya, farashin ne ya bambanta. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, musamman na kwana 14 ɗin. Jabun maganin kashe ƙwayoyin cuta asara biyu ce.

Sai maganar inshora. Tun 2022 dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, kuma jihar Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Tunda ma'aikaci ne kai, ka duba takardar albashinka ko ana cire maka wani abu da wannan sunan. Na sha ganin ma'aikatan da ake yankar musu kuɗi duk wata amma ba su taɓa zuwa sun yi rajista sun zaɓi asibiti ba, suna can suna cin bashi a kemis. Idan kana ciki, ka fara daga asibitin da aka rubuta maka, su ne za su ba ka takardar turawa zuwa babba in da buƙata. Akwai layi, akwai jira, wata rana a ce wani maganin sai ka saya a waje, amma ko ganin likita da gwaji kaɗai aka ɗauke maka an rage maka kaya. Ka tambaye su dalla-dalla abin da tsarin ya ƙunsa, kai da iyalinka.

Mai yiwuwa kuma a gwada a ce babu ƙwayar, ko a kashe ta wani zafin ya saura. Wasu ƙwannafi ne ke damunsu, wasu kuma tumbinsu lafiya lau yake in an leƙa, saurin jin zafi ne da shi. Waɗannan su ne masu doguwar tafiya da ciwon, kuma ko su ba lallai ne su sha magani kullum ba. Da yawa ana mayar da su kan mafi ƙarancin abin da zai riƙe su, ko shan sa a lokacin da ciwon ya motsa kawai, tare da cin abincin dare da wuri da ɗaga kan gado. Idan ka faɗa cikinsu, ka riƙe likita ɗaya da kati ɗaya, ka adana duk takardun gwajinka a jaka guda. Yawon asibiti-asibiti shi ke sa a yi ta maimaita gwajin da aka riga aka biya. Zan so kuma a yi maka gwajin ciwon hanta nau'in B sau ɗaya in ba a taɓa yi ba, saboda yana da yawa a yankinmu kuma ba shi da tsada. Kafin azumi ma ka ga likitanka a tsara maka lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.

Ka zauna da uwargida ku yi maganar nan a fili, don ita ma tana jin raɗaɗin kuɗin cefanen da ke raguwa. Kuɗin madara da jarka na wata ɗaya ko biyu ku ware su gefe, ko ka nemi a ba ka kwasar adashi da wuri, su zama na likita da gwaji da magani. Mai kemis kuma ka same shi ku yanka abin da za ka riƙa ba shi duk wata har bashin ya ƙare.

Duk wannan tsari na mai lokaci ne. Idan ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini ko mai kama da gari-garin kofi, ko abinci ya fara tsaya maka a ƙirji in ka haɗiya, ko kana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri da haki suka dame ka, to ba a jiran albashi, leƙen cikin ya zama na gaggawa. Idan kuwa wani azababben ciwo ya soke ka farat ɗaya, cikin ya ƙame kamar katako, alama ce gyambon ya huda, aikin tiyata ne. Ko tsakar dare ne a nemi mota a kai ka babban asibiti, kada a ba ka komai ka ci ko ka sha a hanya.