Tambaya da Amsa: Yaya Saƙon mRNA Ke Fita Idan Zafi Ya Matsa wa Ƙwayar Halitta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An koya mana cewa a cibiyar ƙwayar halitta ake rubuta saƙon mRNA, wato kwafin umarnin da ke cikin DNA, sannan ya fita waje a ƙera furotin da shi. To idan ƙwayar ta shiga matsi, kamar tsananin zafi, fitar na nan yadda take? Daga wata ɗalibar kimiyya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. A'a, fitar takan canja.

Saƙo ba ya fita sai ta ƙofofin da ke jikin bangon cibiya, kowace an gina ta da furotin iri kusan 30. Tun ana rubuta shi, wani rukunin furotin mai suna TREX ke hawa kansa, ya miƙa shi ga mai dako, wato furotin NXF1 a jikin mutum, Mex67 a yis (ƙwayar da ke sa burodi kumbura). A bakin fita kuma furotin Dbp5, da taimakon furotin Gle1 da sinadarin IP6, ke sauke mai dakon don kada saƙon ya koma ciki.

An fi gane amsar tambayarki a yis. Idan aka kai shi zafin digiri 42 a ma'aunin Celsius, yawancin saƙonni sai su maƙale a cibiya, amma na furotin masu kare ƙwaya daga zafi, irin su SSA4, su wuce abinsu. A ƙa'ida Mex67 ba ya ɗaukar saƙo sai ta hannun furotin masu tantancewa, wato Npl3, Nab2, Gbp2 da Hrb1, waɗanda ke tabbatar da an kammala gyara shi. Binciken da aka buga a 2016 daga Jami'ar Göttingen ta Jamus ya nuna cewa lokacin matsi waɗannan na sakin saƙonnin yau da kullum, Mex67 kuwa ya kama na gaggawa kai tsaye ba tantancewa. Ko mai kuskure ne yana iya fita. Ƙwayar ta gwammace sauri, kuma a ganina da gaskiyarta.

Ba haka kawai abin ke faruwa ba, umarni ne ke zuwa: furotin Slt2, mai isar da labarin matsi, yana liƙa wa Nab2 alamar sinadari da ake kira fosfet.

Ƙwayoyin bairas ma sun san muhimmancin wannan ƙofa. Furotin NS1 na bairas ɗin mura yana riƙe NXF1, furotin ORF6 na korona kuma yana toshe Rae1 da Nup98, furotin biyu da ke aiki a ƙofar. Saƙonnin garkuwar jiki sai su kasa fita, ƙwayar da ta kamu ta rasa yadda za ta faɗakar da maƙwabtanta a kan lokaci.