Duk gwaji ya nuna lafiyata ƙalau, amma jikina ya ƙi daɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min, tun bayan rasuwar mahaifiyata nake fama da zafi a tsakiyar kai kamar an ɗora min garwashi, wani abu na min yawo a jiki, ga nauyin ƙirji da faɗuwar gaba. An gwada jinina, an ɗau hoton ƙirji, an ce ba komai, na sha maganin taifot da maleriya har na gaji, yanzu a gida wasu na cewa raki ne wasu na cewa iska ce.
Daga wata baiwar Allah, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama. Wallahi ba raki ba ne, ciwon da kike ji na gaske ne. Idan baƙin ciki ko damuwa ya daɗe a zuciya jiki na ta sakin sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, naman wuya da na kai su ɗaure, barci ya lalace, sai ƙwaƙwalwa ta koma sa ido kan kowane ɗan motsi na jiki tana ƙara masa ƙarfi, kuma duk wannan injin hoto ba ya gani. Likitoci sun daɗe da saninsa, tun 1960 wani likita Raymond Prince ya rubuta kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafin kai irin naki.

Abin da ya fi damuna shi ne yawon kemis ɗin nan. Gwajin Widal yakan nuna taifot ko babu ita, sai a ta ɗura miki antibayotik a banza. Ki tsaya kan likita ɗaya, ki tambaye shi ko an duba maƙoƙo da suga da ƙarancin jini, sannan ya tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai a asibitin koyarwa na Shika, akwai asibitin Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba hauka ba ne. Za a zauna da ke a tattauna, wataƙila a haɗa da magani irin amitriptyline, shi kuma yana ɗaukar makonni kafin ya kama, kar ki daina da kanki. Addu'a ki ci gaba da ita, ba ta hana magani.

Amma in kika ga rama, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko tunanin cutar da kanki, ki je asibiti a ranar, ki tafi da wata 'yar'uwa da kika yarda da ita.